Saniya Tana Nan, Daji Ne Yake Ƙarewa

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya je mayankar Oko-Oba a Agege, ko kuwa karar Akinyele da ke bakin Badun, ya san yadda ake sauke shanu daga tirela. Da an buɗe ƙyauren baya sai ka ga bajimai da tsofaffin shanu suna dirowa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu duk sun sage saboda kwanakin da suka yi a tsaye, dillalai na kewaya su, mahauta na latsa tozo, masu jan igiya kuwa kowa na neman abin kai wa bakin salati. Tun daga mai gidan da ya sauki falke har zuwa mai tsire na bakin titi da mai sayar da ganda, dubban 'yan Arewa mazauna Kurmi a jikin saniyar nan suke ci. Amma kaɗan ne suke tsayawa su tambayi inda aka haife ta, da wanda ya yi shekara biyar ko shida yana bin ta da sanda cikin rana da ruwa.

Wasu daga cikin shanun nan a rugagen da ke kewaye da Gololo aka haife su. Gololo gari ne cikin ƙaramar hukumar Gamawa a Jihar Bauci, arewa maso gabas da Azare, ba nisa da iyakar Jihar Yobe. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Hausawa da Barebari da Karekare da Fulanin gida suna zaune a garuruwa, Fulanin daji kuwa suna tsakanin gonaki da bukkokinsu. Daga wurinsu ne saniya take fita zuwa kasuwannin ƙauye, daga nan sai Azare ko Potiskum, sa'an nan a loda ta zuwa Kurmi.

ƘASAR MALAM ZAKI

Wannan yanki yana cikin ƙasar da Malam Ibrahim Zaki ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi ne ya gina birnin Katagum wajen shekarar 1810, a nan kuma sarakuna suka zauna har shekarar 1916 da aka mai da fada Azare. Wani abin lura shi ne, a cikin wannan shekara ta 1916 ce aka kafa unguwar Sabo ta Badun, wadda cinikin shanu da na goro suka raya. Watau tun fiye da shekara 100 akwai igiyar da ta ɗaure rugar Katagum da zangon Kurmi. Da farko da ƙafa ake koro shanun, ana yin makonni a hanya. Bayan jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 sai aka shiga loda su a tarago, yau kuma tirela ce ta gaji aikin.

Tun bayan jihadi Fulanin ƙasar suka rabu gida biyu. Waɗanda suka kama sarauta da malanta suka zauna a gari, suka auri 'yan gari, har da yawa daga jikokinsu ba su jin Fillanci sai Hausa. Sauran kuwa suka ci gaba da bin saniya, suna biyan jangali, kowace zuriya ƙarƙashin arɗonta. Shi arɗo ba shi da dogari ba shi da kurkuku. Abin da yake riƙe da jama'arsa shi ne sanin daji da iya magana da hukuma, wanda kuma bai gamsu da shi ba sai ya kaɗa shanunsa ya bi wani.

YADDA RUGA TAKE

Baƙo zai iya ganin ruga ya ɗauka tarin bukkoki ne da aka watsa yadda aka ga dama, alhali kuwa kome yana da wurinsa. A wajen waɗanda suka riƙe tsarin kaka da kakanni, musamman Bororo, garke yana yamma, bukkokin mata suna gabas, a tsakani kuma an miƙa dangwali, watau doguwar igiyar nan mai maɗauri da ake ɗaure maruƙa. Yamma da dangwali wurin maza ne, gabas da shi kuwa mulkin mata ne. Mace ce take kafa bukka: ta tanƙwara itatuwa ta ɗaure, ta rufe da zana ko kara ko tabarmi, ko da yake a yanzu leda da tamfol sun shigo. A ciki akwai gado, da jerin ƙore da fayafai waɗanda su ne kayan ɗakinta da abin alfaharinta. Ran da za a tashi, cikin ɗan lokaci kaɗan za ta kwance gidan nan duka ta ɗaura wa takarkari ko jaki.

Da asuba ake tatsa. Sai a saki maraƙi ya ɗan tsotsa don nono ya sauko, sa'an nan a janye shi a tara ƙwarya. Da magariba idan shanu sun komo ana hura musu wuta a tsakiyar garke don hayaƙi ya kore ƙuda da sauro. Kowace saniya da sunanta, kuma mai ita ya san uwarta da kakarta kamar yadda ya san danginsa. Farare, watau Bunaji, sun fi yawan nono da sauƙin kai. Jajayen nan masu dogon ƙaho da ake kira Rahaji kuwa sun fi jure doguwar tafiya, ba su kuma yarda da kowa sai mai su, in ya yi kira ko ya ruga da gudu sai su bi shi.

Yaro tun ranar suna ake ba shi 'yar maraƙa. Tana girma yana girma, tana haihuwa dukiyarsa tana ƙaruwa, kafin ya isa aure ya sami abin da zai kafa nasa garken. Da saniya ake ɗaura aure, da ita ake gado, da ita kuma ake zumunci. Akwai tsohuwar al'ada ta aro, inda mutum zai ba ɗan'uwansa da ya yi hasara karsana ya riƙe har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, sa'an nan ya mai da uwar ga mai ita. Nono kuwa na mace ne. Ita za ta kaɗa shi ta cire mai, ta ɗauki ƙwarya ta shiga gari talla, abin da ta samu ta sayo hatsi da gishiri da kayan miya. Saboda haka ne Bafillace ba ya sai da saniya sai dole ta kama shi, kuma abin da yake kai wa kasuwa galibi bajimi ne ko tsohuwar da ta daina haihuwa.

Abin da Hausawa suke kira fulako shi ne dokar wannan zama, ko da yake ba a rubuce take ba. Ginshiƙanta su ne kunya, wadda suke ce wa semteende, da haƙuri, watau munyal, da kuma hankali, hakkiilo. Ba a cin abinci a kasuwa gaban jama'a, ba a nuna yunwa ko zafin ciwo, ba a roƙo. Shaɗi ma, wanda 'yan gari suka ɗauka wasa ne na kallo, jarrabawa ce ta wannan haƙuri: saurayi ya tsaya ya ɗaga hannu, ɗan'uwansa ya zabga masa tsumagiya a ƙirji gaban 'yan mata da dangi, shi kuwa ko gezau, har ma yana duba fuskarsa a madubi. Wanda zai kwana shi kaɗai a daji da shanu hamsin cikin bazara, irin wannan zuciya yake bukata.

SHEKARAR MAKIYAYI

Shekarar makiyayi tafiya ce mai zagaye. Da damina, wadda suke kira ndungu, ana zama a kan jigawa nesa da shuka. Ciyawa ta wadata, nono ya yi yawa, dangi sun matso kusa da juna, ana sayo kanwa a ba shanu. Da kaka kuma, idan an kawar da amfanin gona, sai a saki gonaki shanu su shiga cin kara da harawa. A da manomi ne yake zuwa har ruga ya roƙi Bafillace ya sauka a gonarsa, ya ba shi damin gero ko na dawa, domin garken da ya kwana wata guda a wuri ya bar takin da za a ci moriyarsa shekara biyu ko uku. Matan gida kuma su ba da hatsi su karɓi nono. Daga irin wannan ma'amala ce abota take ƙulluwa har ta kai 'ya'ya da jikoki.

Idan hunturu ya wuce, tafkuna suka ƙafe, sai a shiga ceedu, watau lokacin wahala. Masu ƙananan garke sukan tsaya a bakin rijiya suna jan guga tun safe har azahar, suna kaɗo wa shanu 'ya'yan gawo, itacen nan da yake yin ganye da rani ya zubar da damina. Masu manyan garke kuwa sai su gangara fadamun Kogin Jama'are wajen Katagum, ko dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, wasu kuma su nausa kudu zuwa Gongola da Binuwai. Da hadari ya soma haɗuwa sai a tura samari su dubo inda ruwa ya zuba, a juyo gida kafin shuka ta rufe hanya, kafin kuma ƙudan tsando ya sa wa shanu sammore. Duk wannan zagaye a kan abu uku yake tsaye: burtali, da mashaya, da makiyaya.

SAU BIYU SANIYA TANA MUTUWA

Wajen shekarar 1890 annobar bushiya ta shigo ƙasashen nan daga gabas ta share mafi yawan shanun Fulani. Ana ba da labarin mutanen da suka wayi gari ba ko maraƙi, har wasunsu suka zautu, suna yawo a daji suna kiran sunayen shanun da suka mutu. Amma waɗanda suka tsira da biyu ko uku suka ba 'yan'uwa aro, wasu suka yi noma na 'yan shekaru, wasu suka yi kiwon tumaki suna musanyawa, sannu a hankali garke ya komo. An kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, aka kuma yi gagarumin aikin allurar rigakafi daga 1962, har aka zaci an gama da cutar. Sai ga ta ta sake ɓullowa a 1983, ta haɗu da fari, shanu dubbai ɗaruruwa suka faɗi a Arewa. Nan ma Fulani suka farfaɗo. A shekarar 2011 aka yi shelar cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Abin da ya sa suka farfaɗo a duka lokutan biyu shi ne, saniya ce ta mutu amma dajin yana nan. Muddin akwai ciyawa da ruwa da hanyar isa gare su, karsana ɗaya tana iya zama garke. Don a gane nauyin wannan magana, yana da kyau a dubi wata al'umma a can wani ɓangare na duniya, wadda ta rasa dabbarta kusan lokaci ɗaya da Fulani, amma ita ta rasa har da dajin.

MASU BAƘAR ƘAFA

A inda Kanada ta yi iyaka da Amurka, watau lardin Albata da jihar Montana, akwai wani makeken fili na ciyawa gabas da manyan duwatsu. Nan ne ƙasar mutanen da Turawa suke kira Bilakfut, ma'ana Baƙar Ƙafa, an ce saboda baƙin takalman fata da suke sawa. Suna cikin mutanen asali na nahiyar, waɗanda masu kallon fim ɗin kaboyi suka sani da Indiyawan daji, sunan da su ba su yarda da shi ba. Su Nitsitapi suke kiran kansu, kuma sun kasu zuwa Siksika da Kainai da Pikani.

Mutanen nan ba su kiwo ba su noma, farauta suke yi, amma rayuwarsu duka a kan dabba ɗaya take, wata irin ɓauna mai tozo da gashi wadda a da take yawo miliyan-miliyan a filin. Namanta suke ci, su busar da saura su daka da kitse da 'ya'yan itace, ya zama guzurin da yake yin watanni bai lalace ba, kamar dai yadda ake yi da kilishi. Da fatarta suke yin sutura da tanti, da ƙahonta cokali, da jijiyarta zare, kashinta kuma shi ne makamashi inda babu itace. Tantin nasu mai tsini ne, ƙofarsa tana duban gabas, kuma kamar bukkar Fulani, mace ce take da shi, ita take kafawa ita take kwancewa. Shugaban kowace ƙungiya shi ma kamar arɗo yake, da kyauta da jaruntaka yake riƙe mutane, wanda ya gaji da shi ya koma wata.

Kafin su sami doki, karnuka ne suke jan kayansu, farauta kuwa sai su kora garken ɓauna zuwa bakin wani gangaren dutse su faɗa. Akwai irin wannan wuri a Albata da aka yi fiye da shekara 5,000 ana amfani da shi, wanda hukumar Unesko ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Wajen shekarar 1730 doki ya iso gare su, har sunan da suka ba shi ma daga sunan kare suka ƙirƙiro shi, daga nan suka zama mahaya da ake shakka. Da sanyi sukan rarrabu su fake a kwarin koguna, da zafi kuma su taru wuri ɗaya su kafa tantuna a da'ira don babban bikin addininsu na gargajiya da suke kira Okan. Mace ce da ta yi alwashi, sau da yawa saboda rashin lafiyar wani nata, take jagorantar bikin da azumi, wasu samari kuma sukan huda fatar ƙirjinsu su jure zafin gaban jama'a.

To, sai Turawa suka danno. Agana ta 1837 ta kashe dubbansu. Aka shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa, maharba suka shiga harbin ɓauna da bindiga don fatarta kawai, ana kai wa masana'antu, ana barin naman ya ruɓe. A shekarar 1877 shugabanninsu na ɓangaren Kanada, ciki har da mashahurin nan Kurofut, suka sa hannu a yarjejeniya ta bakwai, wadda ta bar musu keɓaɓɓun wurare ta ba gwamnati sauran ƙasar. Shekara biyu bayan haka ɓauna ta ɓace daga ɓangaren nan, a Montana kuma cikin sanyin 1883 zuwa 1884 yunwa ta kashe ɗaruruwan Pikani suna jiran abincin gwamnati. Da aka ƙidaya a 1889, ɓaunar da ta rage a nahiyar duka ba ta wuce kimanin 1,000 ba.

Ko da ɓaunar ta so komowa, babu inda za ta koma, domin an riga an yanka filin gona-gona an kewaye da waya mai ƙaya. Bayan ƙasa sai al'ada ta bi. A 1895 Kanada ta yi dokar da ta hana wasu sassa na bikinsu, ba a janye ta ba sai 1951. Aka riƙa kwashe yaransu zuwa makarantun kwana inda ake hukunta wanda ya yi magana da harshen uwarsa. A yau masu jin harshen sosai 'yan dubbai ne kaɗan, yawancinsu tsofaffi.

ABIN DA YAKE RUFE HANYA

A ƙasar Katagum babu wanda ya zo da bindiga ya harbe shanu, babu kuma baƙon da ya ƙwace ƙasa. Amma filin yana tsukewa shekara bayan shekara. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 55 da 'yan kai, yau kuwa sun haura miliyan 200. Manomin da a da yake barin gona ta huta ta zama saura, inda shanu suke kiwo, yanzu yana da 'ya'ya goma da za su gaji gonar, ba shi da halin barin ko taku ɗaya. Shi ma ba don mugunta yake tura kunya cikin burtali ba, yunwa ce take tura shi. Amma idan na dama ya ci kamu biyu na hagu ya ci kamu biyu, hanyar da garke yake bi a sake sai ta koma siririya, shanu su kutsa cikin shuka, daga nan sai sanda da adda, sai ofishin 'yan sanda da kotu, inda kowa yake fitowa da hasara.

Takin zamani ya rage wa manomi bukatar kashin shanu, karan dawa da harawa kuma sun zama kayan sayarwa, ana tattare su a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki tun kafin a ce an saki gona. Tun daga shekarun 1980 da injin ban-ruwa ya yawaita, fadamun da shanu suke dogara da su da rani suka cika da shinkafa da alkama da tumatir da albasa, mashaya da yawa suka toshe. Madatsun ruwa na Tiga, wanda aka gama a 1974, da na Challawa a 1992, sun rage ambaliyar da take shayar da dausayin Haɗeja da Nguru. Akwai ma dattawan da suke ganin cewa soke jangali da aka yi a shekarun 1970, duk da sauƙin da ya kawo, ya rage wa makiyayi daraja wurin hukuma, don a zamanin En'e saniya kuɗin shiga ce, ba a son ta bar ƙasa.

Gwamnatin Jihar Arewa ta hango wannan tun 1965, ta yi dokar keɓe makiyaya. A nan cikin ƙaramar hukumar Gamawa ma akwai makiyayar Udubo. Sai dai a ƙasar duka, cikin makiyayu fiye da 400 da ake ambata, waɗanda aka tabbatar da doka ba su kai rabi ba, kuma da yawa gonaki sun shige su. An kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya a 1989, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe ma'aikata ta musamman don kiwo. Duk da haka Bafillacen da hanya ta rufe masa a gida kudu yake ƙara nausawa, can ma ƙofa tana rufewa. Jihar Binuwai ta hana kiwon sake a 2017, gwamnonin Kudu suka yanke irin wannan shawara a Asaba cikin watan Mayu na 2021, Ikko kuma ta yi tata dokar a watan Satumba na wannan shekara. Mazauna Kurmi sun fi kowa sanin wanda yake biyan bashi idan zama ya yi tsami. Abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, lokacin da maganar makiyaya ta riga ta ɗumama ƙasar Yarbawa, bai bar mai tumatir da mai albasa ba.

Idan garke ya ragu har ba ya iya ciyar da gida, samari ne suke fara tafiya. Ana ganinsu a Ikko da Shagamu da Fatakwal suna gadi, suna acaɓa, suna tura baro. Wasu suna kiwon shanun attajirai da lada, saniyar da ba tasu ba kuwa ba su damu da gonar wanda ta shiga ba. Wasu kaɗan, musamman a can yamma wajen Zamfara da Katsina, sun faɗa hannun ɓarayin daji, sun jawo wa sauran baƙin jini. Yaron da ya tashi a gari ba zai san sunayen shanu ba, ba zai san ciyawar da take kashewa da wadda take warkarwa ba, 'ya'yansa kuwa da wuya su ji Fillanci.

TUN DA SAURAN DAMA

Mutanen Baƙar Ƙafa ba su ƙare ba. Tun 1894 wasu Kainai suka soma ba da dawaki suna karɓar shanu, suka zama makiyaya. Jikokinsu sun farfaɗo da bikin Okan, sun buɗe makarantun da ake koyarwa da harshensu. A 2014 suka ƙulla yarjejeniya da wasu ƙabilu don mai da ɓauna ƙasarta, a 2016 aka kawo musu 'yan maruƙanta fiye da 80 daga wani gandun daji na Kanada, a watan Yuni na 2023 kuma suka saki wani ƙaramin garke ya yi yawo a sake a gindin duwatsun Montana. Shekara 140 ke nan kafin su sake ganin abin da kakanninsu suke gani kullum safiya, shi ma 'yan gomomi ne a inda da ake da miliyoyi.

A kewayen Gololo abin bai kai haka ba. Saniya tana nan, harshe yana nan, tsofaffin da suka san inda kowane burtali ya bi suna da rai, haka nan masu unguwanni da dagatai da arɗo-arɗo. Aikin da ya rage shi ne a bi hanyoyin nan a auna, a kafa duwatsun shaida, a fitar da mashaya a kowace fadama, a gyara makiyaya irin ta Udubo da ruwa da asibitin dabbobi da makaranta, yadda wanda yake son zama zai zauna da shanunsa da mutuncinsa. Makiyayi shi ma akwai nasa: ya daina sakar wa ƙananan yara garke, ya biya ɓarna idan ya yi, ya kuma tona asirin ɓata-garin da ke cikinsa.

'Yan'uwa mazauna Kurmi su ma suna da hannu a ciki. Da yawa daga cikin gonakin da ake saya a gida da kuɗin Ikko da Badun ake sayensu. Wanda zai aika a saya masa fili, ya tambaya tukuna ko burtali ne ko bakin mashaya, kome arharsa. Wanda ya ba Bafillace amanar shanu, ya san inda suke kwana da inda suke sha. Sarakunan Hausawa na zango da shugabannin kara kuwa, waɗanda muryarsu take isa gidan gwamnati, ya kamata su tuna cewa kasuwarsu daga ruga take farawa. In an je gida Sallah, a ɗan tsaya a gaisa da arɗo, a ji ta bakinsa, a kuma ji ta bakin mai gona. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.